Yaya ake tabbatar da wariya wajen ba da hayar gida?

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta birni. Ƙorafin wariya kan haya yakan mutu tun a bincike, domin mai gida sai ya ce an riga an kama ɗakin. Dabarar da aka sani ita ce a tura masu gwaji 2, wato mutanen da za su je kamar masu neman hayar gidan, a rana ɗaya, albashinsu da yawan iyalinsu ɗaya, addini ko naƙasa kawai ya bambanta su, kowa ya rubuta rahotonsa nan take.

Ga inda abin ya cije: idan dillali ya amsa wa ɗaya, mai gida ya amsa wa ɗayan, kwatancen ya lalace, ga wa'adin shigar da ƙara yana ƙurewa. A sake gwajin ne, ko hukumar ta nemi rajistar 'yan haya kai tsaye?