Musayar Waƙa: Da Wane Harshe Ake Ambaton Allah?

Mai Alli:
Malamai, ga zance mai ɗaurewa,
A 1973 aka soma jiyowa,
Mary Daly, masaniyar addini a Boston, tana cewa:
In Allah namiji ne a faɗawa,
Namiji ya zama allah a zamantakewa.
Uba da Sarki coci ke rerawa,
Me za a bari, me ke son gyarawa?

Ɗalibar Littafi:
Malama, ba sai an ƙirƙiro ba, a karanta,
Ishaya 66:13, uwa mai lallashin ɗanta,
Luka 15, mace da azurfa goma nata,
Ɗaya ta ɓace, ta kunna fitila ta share ɗakinta.
Hanya uku masaniyar tauhidin Kirista Elizabeth Johnson a 1992 ta kwatanta:
A yafa wa Uba taushi, namiji ne dai aka ƙawata,
A ware Ruhu ga mata, biyu da ɗaya ba su daidaita,
Ta uku ta zaɓa: siffar mace tsaye da ƙafarta.

Dattijon Majami'a:
'Yata, a wa'azi ƙofa a buɗe take,
Wajen baftisma kuwa kalmomi a ƙulle suke.
"Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki" da "Mahalicci, Mai Fansa, Mai Tsarkakewa" wasu suka sake,
A 2008 fadar Paparoma ta ce irin wannan baftisma a ɓace take,
Wanda aka yi wa, sai an yi masa daidai a tsanake.
Sunayen aiki ne, Ukun kuwa a aiki haɗe suke,
Uba da Ɗa dangantaka ce, ita aka yanke.

Malamin Zaure:
Baba, mu sunaye daga nassi suke, ba a ƙari,
"Huwa" (Shi) nahawu ne, ba jinsi ba ne a tsari,
Shura aya ta 11 ta kore kama tun fari.
Ga hadisin Umar a Muslim da Buhari:
Mace cikin kamammun yaƙi ta rungume jariri,
Annabi (SAW) ya ce Allah Ya fi ta jin ƙan bayi, a sarari.

Mai Alli:
Malam, 'yan bayan-zamananci kan ce: wa ke bayani?
Masanin falsafa Lyotard a 1979 ya yi shakkar labari guda mai haɗe zamani.
Taron shugabannin coci na Lateran a 1215 ya riga su da auni:
Tsakanin Mahalicci da halitta, bambanci ya fi kama a mizani.
Tarkon "Uwa" kuwa, a taƙaita mace ga goyo da zani,
Wadda ba ta haihu ba ta rasa mazauni.
Mercy Oduyoye, 1989 a Gana, ta tara mata masana addini,
Su riƙe alƙalami da kansu, ba ta bakin wani.