Kwana biyu a daji, farauta da kamun kifi, zai yiwu kuwa?

Sabon-shiga:
Salam 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, mu uku ne ni da abokaina muna so mu fita ƙauye ƙarshen wata, mu tashi Juma'a da yamma mu dawo Lahadi, wajen akwai kogi kuma akwai daji kusa shi ne muka ce me zai hana mu haɗa duka biyu, da safe farauta da rana kamun kifi. Ɗaya daga cikinmu yana da bindiga ta gado, ni kuma fatsa kawai na taɓa jefawa ina yaro. Me za mu ɗauka, kuma yaya za mu tsara lokacin?

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tsarin naku tun daga tushe akwai gyara. Ka ce da safe farauta da rana kifi, to wa ya gaya maka kifi zai zauna yana jiranka har rana ta take? Kifi da naman daji duk lokacinsu ɗaya ne, sanyin asuba da kuma daf da faɗuwar rana, tsakar rana dabba ta shige inuwa ta kwanta kifi kuma ya yi ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Ku kuma in ka lissafa asuba biyu gare ku da yammaci ɗaya cikakke, shi ke nan fa jarinku. Ni dai a ganina ku ba wa kogi asubar Asabar da yammacinta, asubar Lahadi ku shiga daji in kun sami ɗan gari da zai ja ku, in ba ku samu ba ku haƙura da farautar gaba ɗaya, ba abin kunya ba ne.

Sai maganar bindigar nan ta gado, ita ta fi damuna wallahi. Tana da lasisi? Yaushe rabon da a harba ta? Bindigar da ta shekara da shekaru a rataye tana iya yin tsatsa a ciki ko wani abu ya toshe bututun, ranar da aka ɗana ta sai ta fashe a hannun mai ita. A kai wa wanda ya san aikin ya duba. Kuma ba a shiga mota ko kwale-kwale da ita a ɗure, ba a harbin motsin ciyawa sai ka ga dabbar da idonka ka kuma san abin da ke bayanta, don dajin da kake gani kamar ba kowa akwai makiyayi akwai mai itace akwai yara. Iska kuma ta riƙa bugo fuskarka, in tana bayanka warinka ya riga ka isa, ka yi ta yawo har rana ko zomo ba za ka gani ba. Turare ku bar shi a gida.

Masunci:
Baba ya gama magana, ni ɓangaren ruwa zan ɗan ƙara. Ku ɗauki ƙugiyoyi manya da ƙanana da zare na ajiya don sai kun tsinka, wannan ba makawa, da 'yar dalma mai nutsar da ƙugiya. A abincin da ake sa wa ƙugiya tana, wato tsutsar ƙasa, ta fi komai, ku tono ta a ƙasa mai danshi ku zuba a gwangwani da ƙasarta kada ku bar ta a rana. Tarwaɗa a ƙasan ruwa take ci kuma ta fi ci da dare, ku nemi inda ruwa ya yi kwana ya lafa ko gindin itacen da ya faɗa ciki. In kun kama ku kula da ƙayar gefenta, sukarta ba daɗi.

Abin da sababbi ke mantawa shi ne bayan kamun. Kifi a zafi awa kaɗan ya fara lalacewa, ku farke cikin nan take ku wanke, sai ku sa shi a kula mai ƙanƙara, in babu to gishiri da hayaƙi. Nama ma haka.

Kuma dan Allah a tambayi mutanen wajen ko akwai kada ko dorina kafin wani ya naɗe wando.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni ba na farauta amma irinku muke karɓa ranar Litinin, shi ya sa na tsoma baki. Kada ku yi wanka ko ku daɗe tsaye a ruwan da ba ya gudu, nan ake kwasar tsagiya, ciwon nan na fitsarin jini, tsutsar ta fata take shiga ba sai ka sha ba. Ruwan sha ku tafi da naku ko ku tafasa ya yi minti 1 yana tafasa. Takalmi mai rufe ƙafa, tocila, gidan sauro. In maciji ya sari wani, Allah ya kiyaye, ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaure ƙafa tamau, a cire zobe ko duk abin da zai matse in wajen ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi sai asibiti. Ku san asibitin da ya fi kusa tun kafin ku sauke kaya, kuma ku bar wa wani a gida sunan wajen da lokacin dawowarku don sabis ba tabbas.

Tsohon Maharbi:
Na manta, ku bincika dokar wajen, akwai dajin da aka hana shiga sam akwai kuma lokacin da ake rufe farauta don dabbobi su hayayyafa. Mai ciki da mai shayarwa ba a taɓa su ko da doka ba ta ganka.

Sabon-shiga:
Kai na gode ƙwarai Baba, Anti na gode, Allah ya saka. Na kira mai bindigar yanzu, ashe ko takardarta bai san inda take ba kuma tun rasuwar kakansa ba a taɓa ta ba. Mun ajiye ta, kifi kawai za mu je wannan karon. Malam Masunci, ƙanƙarar in mun saya Juma'a za ta kai Lahadi kuwa?

Masunci:
In dunƙulalliya ce babba ba 'yan ƙanana ba, kuka ajiye kular a inuwa kuka daina buɗe ta kowane minti, za ta iya kaiwa. Amma ku tafi da gishirin dai.