Don Allah a taimaka, ƙamus ya ba ni ma'ana biyu masu karo da juna

Salam 'yan uwa. Ina fassara wata takarda ce daga Turanci zuwa Hausa domin a karanta wa membobin ƙungiyarmu ranar mitin, kuma wallahi jimla ɗaya ta tsayar da ni cak. An rubuta "The board sanctioned the payment". Na duba sanction a ƙamus ɗin wayata, ma'ana ta farko wai amincewa da abu a hukumance, ta biyu kuma wai hukuntawa ko ƙaƙaba takunkumi irin wanda Amurka ta saka wa Iran. To kun ga maganar kuɗin mutane ce, in na ce an amince alhali hanawa aka yi rigima zan haddasa.

Na duba ƙamus na takarda, shi ma duka biyun ya jero ba tare da ya ce ga inda ake amfani da kowacce ba, misalan da ya kawo duk na siyasar ƙasashe ne. Na saka jimlar a manhajar fassara ta ba ni takunkumi, da na canja payment zuwa plan kuma sai ta koma amincewa, abin ya ƙara rikita ni. A ƙasan takardar kuma ga kalmar oversight, ita ma wai sa ido ce kuma wai kuskuren rashin lura.

Tambayata ita ce, idan ƙamus ya kawo ma'anoni masu kishiyantar juna haka, me ake dubawa a cikin jimlar a gane wacce marubucin yake nufi? Na gode.