Layin intanet guda, masu haya huɗu: yaya zan raba rezon ba tare da fasa bango ba?

Lawali:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Ni ke kula da benen kawuna kusa da Babbar Kasuwa a nan Maraɗi. A ƙasa akwai farmasi da shagon tura kuɗi, a sama akwai biron wani mai fiton kaya da ɗakin koyar da ordinater. Layin intanet guda muke biya, kowa ya kawo kasonsa ƙarshen wata. Rutarmu, wato na'urar da ke haɗa mu da intanet, ƙirar MikroTik ce, daga ita waya ta shiga suwic, na'urar da ke rarraba layin zuwa ɗakuna, mai ƙofa 24, irin wanda ba a saita komai a cikinsa. Kamarorin tsaro takwas ma a nan suke.

Kwanan baya wani ɗalibi ya ga na'urar buga takardu ta farmasi a ordinater ɗinsa, ya tura mata aiki, takardu suka yi ta fitowa a gaban mai sayar da magani. Da mai shagon kuɗi ya ji, ya ce to ashe nasa injin ma a buɗe yake, kuma yana da gaskiya. Ga shi da la'asar in ɗalibai sun cika, layin sai jan jiki, ina zargin kamarori. Wani ya ce in ja wa kowa wayarsa dabam, wani ya kawo maganar VLAN da VRF da VXLAN har kaina ya ɗau zafi. Kawu dai ya ce ba za a sake fasa masa bango ba. Wace hanya ce mafi sauƙi, wadda ko na yi tafiya wani zai iya riƙewa?

Injiniya Sha'aibu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, wayoyin da ke cikin bango sun isa. Suwic ɗin nan kawai za ka canza, ka sayo wanda ake iya saitawa, kuma kafin ka biya ka duba jikin kwalin ka ga an rubuta 802.1Q. Wannan ƙa'ida ce ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE tun 1998, kowane kamfani ya san ta. Aikinta kamar buhunan ƴan kasuwa ne a mota guda, kowane buhu da tambarin mai shi: suwic yana manna wa kowane saƙo lamba, ba ya miƙa shi sai ga ƙofofin da ke da wannan lambar. Kowane rukunin da ke da lambarsa shi ake kira VLAN.

Ka ba farmasi 10, shagon kuɗi 20, biro 30, ɗalibai 40, kamarori 50, kai kuma ka ware 99 don kula da na'urorin. Adireshin ma ya bi lambar, 192.168.10.0 na farmasi, 192.168.20.0 na shagon kuɗi, haka har ƙarshe, kowanne da DHCP nasa a ruta, wato abin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa. Ran da wani ya kira ka yana kuka, da ya karanto maka adireshinsa ka san ɗakin da yake. Ƙofa guda ce kaɗai za ta ɗauki dukan lambobin, wadda ke zuwa ruta. Kada ka bar kowa a VLAN 1, ita ce suwic ke zuwa da ita daga kamfani, kuma ƙofar da ba kowa a kanta ka kashe ta.

VXLAN kuwa ka manta da shi. VLAN na ba ka lambobi 4094, kai shida kake buƙata. Shi VXLAN an yi shi ne don manyan cibiyoyin ajiyar bayanai da 4094 ɗin ya yi musu kaɗan, yana kai sama da miliyan 16.

Nana Hadiza:
Injiniya ya faɗi daidai, amma akwai inda mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka sun gama. Duk VLAN ɗin nan a ruta suke haɗuwa, ita kuma aikinta ke nan, sada rezo da rezo. In ba ka hana ta ba, ɗalibin da ya san adireshin na'urar farmasi zai sake kai wa gare ta. Don haka sai ka sa dokoki a fayawol, wato shingen tsaron ruta: amsar haɗin da aka riga aka buɗe ta wuce, kowace VLAN ta fita intanet, sauran duka a jefar. Sannan ka rufe Winbox, manhajar saita MikroTik mai shiga ta ƙofar rezo 8291, ga kowa sai lamba 99.

Kuma Malam Lawali, ka wanke kamarorinka daga zargi. Hotonsu daga suwic yake wucewa zuwa na'urar ajiya, ba ya taɓa layin waje sai Alhaji, kawunka, ya buɗe a wayarsa. Bidiyon ɗalibai ne ke shanye layin. Ka yanka wa 40 iyaka, ka sa PCQ, tsarin rabon layi na MikroTik, ya raba musu daidai.

Malam Isufu:
Ni ina da ja a kan shagon kuɗi. VLAN raba hanya yake yi, ba ya ɓoye abin da ke cikin saƙo, kuma mai riƙe da ruta yana ganin inda kowa ke zuwa. Ban da haka, layin ya yanke kowa ya tsaya. Mutumin da ke riƙe da amanar kuɗin jama'a ya kamata ya ajiye ƙaramin modem mai SIM, na Airtel ko Moov ko Zamani, don ranar da babban layi ya faɗi. Ka gaya masa wannan ƙarara, kada ya ɗauka ka ɗauke masa dukan nauyi.

Lawali:
Allah ya saka da alheri. Saura guda: mai biro yana da ƴar rutarsa ta wifi, ya ce ba zai rabu da ita ba. Shin nan ne VRF ke shigowa?

Injiniya Sha'aibu:
A'a. VRF sai in masu haya biyu sun nace kan adireshi iri ɗaya, ko kowa na da layinsa na waje, kana son ruta guda ta riƙe wa kowa taswirar hanyoyinsa dabam. Kai ne mai rabon adireshi, ba ka da wannan larurar. Bar masa rutarsa, wayarka dai ta shiga ƙofarta ta WAN, wadda ke karɓar layin waje. In ya kuskure ya soka ta a LAN, wato ƙofofin da na'urorinsa ke shiga, za ta fara raba adireshin da ba naka ba, amma yanzu ɓarnar a 30 za ta tsaya, ba za ta sauko farmasi ba.

Mamman Sani:
Yaya Lawali, ƙarin nawa kaɗan ne. Kafin ka taɓa VLAN a MikroTik ka danna Safe Mode, don in ka rufe kanka a waje ta koma yadda take. Wasu suwic ɗin kuma sai ka adana saiti da hannunka, in ba haka ba kuran ya ɗauke komai ya goge, don haka ka haɗa su da ondiler, batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke. Akwatin da na'urorin ke ciki ma kada ya zama a rufe ruf, ka san zafin Afrilu da ƙurar hunturu a garin nan. Ka yi aikin ranar Lahadi da shaguna ke rufe, ka rubuta lambar kowace waya da ɗakinta a takarda ka liƙa a murfin akwatin, kwafi guda ka kai wa Alhaji.

Lawali:
Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allah zan fara da bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina sa musu lamba, don a cikin 24 ɗin akwai waɗanda ba wanda ya san inda suka nufa. Injiniya, in na samo suwic zan turo maka hoton kwalin kafin in biya.