Sirki, ratsi ko rini: me kuke cewa idan launi kaɗan kuke so?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ce wa mai fenti ya sa wa farin ɗakina ɗan shuɗi, da na dawo sai na tarar da bango shuɗi shar. Wai ai abin da na ce ke nan. Don Allah ku me kuke cewa a gane ku?

Mai Buroshi: Wa'alaikumus salam Hajiya. Da kin ce a sirka, da ya gane. Kamar yadda ake sirka ruwan zafi ne, zafin ya ragu amma bai tafi ba. Fari mai sirkin shuɗi har yanzu fari ne. Ni farin nake fara juyewa a bokiti, sannan in riƙa ɗiga launin ina motsawa, domin mai duhu yana cinye mai haske nan da nan. In ya zarce, sai ka ƙarar da fari mai yawa kafin ya dawo. Kuma fentin ruwa yakan ƙara duhu in ya bushe, shi ya sa nake shafa kamar faɗin tafin hannu a bango, in jira tukuna.

Telan Mata: Ni da ratsi aka taɓa rikita ni. Wata ta ce yadi mai ratsin ja, ashe ja-ja take nufi. Ratsi ai layi ne, ido yana ganin inda ya fara da inda ya tsaya.

Anti Mai Wanki: Ku dubi bula. Farin kaya in ya kwana biyu yakan yi rawaya-rawaya, ɗan shuɗin nan ne yake kashe rawayar a ido har a ga ya yi fari fat. Amma sai an narkar da ita a ruwa sosai kafin a tsoma, in ba haka ba rigar ta fito dabbare-dabbare.

Marini: Malam Mai Buroshi, a fenti na yarda. Mu kam ko tsomawa ɗaya aka yi, rini ne. Yadi yakan fito daga baba kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa ne ke kawo duhu. Mai son haske cewa yake kada ya kama sosai.

Mai Buroshi: Gaskiyarka, yallaɓai. Duk da haka ni yanzu ba na buɗe gwangwani sai an nuna min ƙyalle ko takarda mai launin da ake so.