"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci": ta yi daidai da labarin halitta a Farawa?

Maman Biyu

Salama a gare ku 'yan'uwa. A zumuntar mata muna bin littafin Farawa, mun gama sura 1. Da aka zo aya 29 da 30, inda Allah ya ba mutum da dabbobi abin da za su ci, wata tsohuwa ta ce ai shi ne Hausawa ke cewa, "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Nan take shugabarmu ta ce kada a haɗa maganar Allah da zancen ragwaye. Har aka tashi ba a daidaita ba. Wa ke da gaskiya? Kuma ya dace a kawo wannan karin magana cikin koyarwa?

Baba Manomi, Malumfashi

Ɗiyata, tsohuwar nan ta san abin da take faɗa. Ki sake buɗe surar ki bi ta rana-rana. Ta fari, haske. Ta biyu, sarari, aka raba ruwan sama da na ƙasa. Ta uku ruwa ya tattaru wuri ɗaya, busasshiyar ƙasa ta bayyana, kuma a ranar ƙasa ta fid da tsiro: ganyaye masu ƙwaya, itatuwa masu 'ya'ya, kowanne da irinsa a cikinsa. Ta huɗu aka kafa manyan haskoki biyu da taurari domin a san lokatai da kwanaki da shekaru, wato manomi ya san yaushe damina, yaushe rani. Duk wannan fa babu baki ko ɗaya a duniya tukuna. Sai a rana ta biyar aka yi kifaye da tsuntsaye, ta shida dabbobi, mutum can ƙarshe.

Maigidan kirki sai ya ga an sauke tukunya kafin ya aika a kira baƙi. Haka Allah ya yi. Bai yi mai ci ba sai da abin ci ya tanadu. Kakanninmu da suka tsara maganar nan ba su karanta Farawa ba, amma sun duba duniya da idon basira, suka gane halin Mai ita.

Ɗalibin Kagoro

Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora kaɗan daga abin da muka yi a aji. Maƙwabtan Isra'ila ma suna da nasu labaran halitta. An tono allunan yumɓu a kangon Nineba, a fadar Sarki Ashurbanifal, a tsakiyar ƙarni na 19, wani Bature mai suna George Smith ya buga fassararsu a 1876. A labarin Babila, Marduk, babban abin bautarsu, ya sa an yi mutum da jinin wani abin bauta da aka kashe, domin mutum ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A labarinsu na ambaliya kuwa, da ruwa ya janye aka miƙa hadaya, sai allolin suka yi dandazo a kanta kamar ƙudaje, saboda sun daɗe ba mai ba su. Can, mutum ne ke ciyar da abin bautarsa.

Farawa ta juya lamarin. Abu na farko da Allah ya yi wa mutum shi ne sa albarka, na biyu ya ce ga shi na ba ku abinci. A sura 2 ma, kafin ya hana itace ɗaya, sai da ya ce su ci daga kowane itace na gonar. Zabura 50:12 ta ƙarasa zancen: ko da zai ji yunwa ba zai gaya wa mutum ba, gama duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Allahn Farawa ba ya buƙatar komai daga hannunmu, shi ke bayarwa. (Masu son tsire kuma su yi haƙuri, ba a halatta nama ba sai a sura 9, bayan ruwan Nuhu.)

Ɗan Sabon Gari

Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku gaya mini gaskiya, a bakin wa kuke jin maganar nan? Ni dai a wurin suna nake jin ta. Mutum ba gona, ba sana'a, ɗaki ɗaya na haya, an haifi na tara, ka ce masa "ɗan'uwa, yaya za a yi da kuɗin makaranta?" sai ya kalle ka kamar ka yi saɓo, ya ce bakin da Allah ya tsaga. In Kirista ne ya ƙara maka da Farawa 1:28, wai ai an ce a hayayyafa a cika duniya. Washegari matarsa ce ke yawon aron masara. Shugabar zumuntar nan ta san irin mutanen da take magana a kansu.

Baba Manomi, Malumfashi

Yaro, wanda ka kwatanta ya karanta rabin aya ne ya rufe littafi. Duba 2:5: ba tsiro a saura tukuna domin Ubangiji bai sa an yi ruwa ba, kuma babu mutumin da zai nome ƙasar. Abu biyu aka ambata, ruwan Allah da hannun mutum. A 2:15 aka sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta, ya kiyaye ta. Wannan tun kafin a yi zunubi ne. Masu cewa aiki la'ana ne su lura, ƙaya da sarƙaƙƙiya da zufa ne suka zo a sura 3, aikin kansa ya riga su.

Kuma ka lura da irin abincin da aka bayar: mai ƙwaya, mai iri. Mu manoma mun san ma'anar wannan. Ranar da aka gama girbi, kafin a ɗaure dammuna, sai in zaga in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in ɗaure ta daban, in rataye a saman rumbu inda ɓera ba ya kai. Ko tuwo ya yanke a gidan a watan Mayu ba mai taɓa ta. Wanda ya daka irinsa ya ci, in shuka ta zo ya zauna yana cewa bakin da Allah ya tsaga, ba da Allah yake dogara ba, wasa yake da shi.

Malam Mai Shago

Ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ni Musulmi ne. Maganar nan ta kowa ce, Bahaushe ne mai ita. A Suratu Hud aya ta 6 an ce babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta yana ga Allah, aya ta 7 kuma ta zo da halittar sammai da ƙasa cikin kwana shida. Kun ga a wurinmu ma halitta da arziki a jere suke. Akwai kuma hadisin tsuntsaye, masu fita da safe ciki wayam su dawo da yamma a ƙoshe. Malamanmu kan ce a lura, fita suke yi, ba a sheƙa ake kai musu ba. Shi ya sa wanda ya ce bakin da Allah ya tsaga shi ne dai ya ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ɗan Maraɗi

Baba, Malam, ku gafarce ni, amma ni abin da ke damuna ba ragwaye ba ne. A 2004 ruwa ya ɗauke mana da wuri, fara ta shigo ta gama da saura. A 2005 mutanen da suka yi noma da gaske, suka zuba zufarsu, su ne suka koma cin anza. Wanda bai san anza ba, 'ya'yan wani ɗan itacen daji ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe wuraren ciyar da yara a Maraɗi, uwaye suna zuwa daga ƙauye da yara a goye, hannun yaro kamar tsinke. Wasu an cece su, wasu an rufe su. Waɗannan bakunan ba Allah ne ya tsaga su ba? Abin da ya fi ciwo, hatsi bai ƙare a kasuwa ba. Ga buhuna a jibge, amma kuɗin tiya ya ninka, talaka sai kallo. Tun daga lokacin in na ji an faɗi karin maganar nan da dariya, raina ɓaci yake yi.

Fasto daga Wusasa

Ɗan'uwa daga Maraɗi, sannu. Tambayarka ta fi duk abin da muka faɗa nauyi, kada kowa ya amsa ta da gaggawa.

Karin magana ta ce Allah ba ya hanawa. Ba ta ce mutum ba ya hanawa ba. Kai da bakinka ka ce hatsi na nan a kasuwa. A Farawa 1:26 zuwa 28 Allah ya yi mutum cikin siffarsa, namiji da ta mace, ya danƙa musu mulkin duniya. Wato rabon abincin ya bi ta hannun mutane. Sura 4 ba ta ƙare ba sai da Kayinu, ɗan Adamu na fari, ya tambayi Allah ko shi makiyayin ɗan'uwansa ne. A littafin nan dai, sura 41, an yi yunwar shekara bakwai a Masar, kuma Allah bai sauko da abinci daga sama ba. Ya ba Yusufu hikima ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, ya buɗe rumbuna lokacin da ake bukata.

Saboda haka a ganina maganar gaskiya ce, amma ba kowane baki ya kamata ta fito ba. Gwauruwar da ta kwana ba ta san abin da za ta ɗora gobe ba, in ta faɗe ta, bangaskiya ce, daidai da abin da Yesu ya ce a Matiyu 6:26 game da tsuntsayen da ba su shuka ba su girbi. Mai buhu ɗari a sito kuwa, in ya faɗa wa mai roƙo ita a ƙofar gidansa, shi ne wanda Yaƙub 2:16 ta yi tir da shi, mai cewa a sauka lafiya, a ci a ƙoshi, bai ba da komai ba.

Ɗan Sabon Gari

Fasto, da girmamawa, ka ɗora wa 'yan kasuwa duka laifin. Wa ya riƙe ruwan 2004? Wa ya turo farar? Ba mai sito ba ne.

Fasto daga Wusasa

Ba shi ba ne, gaskiyarka. Littafin bai ɓoye wannan ba. Duniyar da aka ce tana da kyau ƙwarai a Farawa 1:31 ita ce aka la'anta ƙasarta a 3:17, Bulus kuma ya ce a Romawa 8:22 dukan halitta tana nishi har yanzu. Ayuba ya rasa 'ya'ya goma, ya nemi dalili, amsar da ya samu daga sura 38 ta littafinsa ita ce a zaga da shi cikin halitta: ina kake sa'ad da aka kafa harsashin duniya, wa ke tanada wa hankaka abinci in 'ya'yansa suka yi kuka. Ba a ba shi dalilin ba, an nuna masa wanda ke riƙe da abin. Ni ma ba zan tsaya gaban uwar da ta rufe ɗanta in ba ta dalili ba, balle karin magana. Abin da na riƙe shi ne Farawa 3:21. A ranar da aka kori Adamu da Hawwa'u daga gonar, Allah da kansa ya yi musu tufafin fata ya suturta su. Bai bar halinsa na tanadi ba ko a ranar hukunci.

Anti Nas

Ni a asibiti nake, ɗakin awon ciki. In mace ta zo da ciki ga na goye bai kai shekara ba, jininta ya yi ƙasa, muka ce a kira maigida a yi maganar tazarar haihuwa, yawanci karin maganar nan ce amsarsa. Nakan ce masa, Baba, Allah bai hana ba, amma nonon nan guda ne, jikin nan ma guda ne. Wanda ya ce a hayayyafa shi ne ya ce a kiyaye. 1 Timoti 5:8 kuma ba ta yi wa wanda ya ƙi kula da iyalinsa da sauƙi ba. Maman Biyu, ku koyar da ita, amma ku haɗa ta da Farawa 2:15, kada ku bar ta ita kaɗai.

Ɗan Maraɗi

Fasto, na gode da ba ka share zancena ba. Tunda an ambaci kiyayewa, ga wani abu daga wajenmu. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya yi aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirrain da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sassabe ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara barinsu ana gyara su, muna ce masa sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, itatuwa kusan miliyan 200. Hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau, ga makamashi, ga abincin bisashe. Abin yana nan ƙarƙashin ƙafarmu tun can, mu muke datse shi da gatari.

Baba Manomi, Malumfashi

Ɗana, wannan ya shafe ni. Ina da kututturan kalgo da sabara a gonar tudu, kowace bazara sai na sa yara sun share su. Yaya ake yi?

Ɗan Maraɗi

Baba, ka zaɓi kututturan da kake so su zama itace. A kowanne ka bar rassa kamar uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, kana yankowa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ƙananan rassan gefe ka rage su har wajen rabin tsayi. Bayan 'yan watanni ka koma ka cire sabon tohon. Wahalar tana ga rani, lokacin da aka saki awaki da masu neman itacen girki, don haka ka yi magana da maƙwabtan gona da mai unguwa tun kafin ka fara.