Wane Suna Za Mu Ba Nanoteknoloji a Hausa?

Duk shekara masu bincike kan hallara a taron wata ƙungiya da aka kafa a Amurka mai suna Sustainable Nanotechnology Organization, wadda manufarta ita ce nanoteknoloji ta amfani ɗan Adam ba tare da ta illata lafiyarsa ko muhallinsa ba. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Farfesa Omowunmi Sadik, masaniyar sinadarai haifaffiyar Legas, tare da Barbara Karn, masaniyar kimiyya 'yar Amurka. Duk wanda zai kawo labarin irin wannan taro a rediyo ko jaridar Hausa zai yi tuntuɓe tun a jimlar farko, domin ba mu haɗu a kan suna guda da za mu kira fannin da shi ba. Shi ya sa nake gabatar da wannan shawara ga malamai, mafassara da 'yan jarida, domin a auna ta.

Kafin raɗa suna, ya kamata a san jaririn. Nanomita ma'auni ne na tsawo: idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kaso guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai kimanin nanomita 80,000, alhali wannan fanni yana aiki ne da abubuwan da ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Wani farfesa ɗan Japan, Norio Taniguchi, shi ya fara amfani da kalmar “nanoteknoloji” a 1974.

Abin da ya sa fannin ya zama ilimi mai zaman kansa shi ne, idan abu ya ƙanƙanta zuwa wannan haddi, ɗabi'arsa takan sauya. Zinariya da muka sani rawaya ce, amma idan aka mayar da ita ƙwayoyi masu faɗin 'yan nanomitoci sai ta koma ja, kuma ita ce ke fitar da jan layin nan a yawancin na'urorin gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro da na juna biyu. Haka nan allurar rigakafin korona ta Pfizer da ta Moderna, cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo masu irin wannan girma aka ƙunshe sinadarinsu. Saboda haka sunan da za mu zaɓa dole ya nuna wani ma'auni takamaimai, ba ƙanƙanta kawai ba.

A nan ne “fasahar ƙananan abubuwa” ta gaza, duk da sauƙinta a baki, domin mai gyaran agogo ma da ƙananan abubuwa yake aiki. “Fasahar mitsitsi” ta fi ta armashi, Hausa ce tsantsa, kuma ina jin daɗinta ƙwarai, sai dai mitsitsin abu ido na iya ganinsa, kuma kalmar ba za ta raba mana wannan mataki da na ƙwayoyin cuta ba, waɗanda galibin bakteriyarsu sun fi shi girma nesa ba kusa ba. “Fasahar ƙwayar zarra” tana da nauyi da asali, amma mun riga mun ba ƙwayar zarra aikinta a kimiyya, kuma mai sauraro zai ɗauka ana zancen makamashin nukiliya ne. Ita kuwa fassarar asalin kalmar “nano”, wato “wada”, tun da ma'anarta ke nan a harshen Girkanci, ban ga dacewarta ba ko kaɗan, domin suna ne da ake kiran mutane da shi.

Shawarata ita ce mu tsayar da “fasahar nano”. Hausa ta daɗe da karɓar kilo, santi da mili, har ba wanda ke jin baƙuncin kilomita ko santimita, kuma nano ɗan gidansu ne, tun 1960 aka shigar da shi tsarin ma'aunai na duniya. Kalmar ta dace da harshenmu, gaɓa biyu ce ba cunkoson baƙaƙe, kuma tana haihuwa: nanomita, ƙwayoyin nano, magungunan nano, gurɓatar nano. Akwai kuma hujjar da na fi ba muhimmanci, wato ɗalibin Kano da ya yi karatu da Turanci, da na Damagaram da ya yi da Faransanci, da na Sudan da ya yi da Larabci, duk wannan “nano” ɗin za su tarar a littattafansu.

Saura siffar da ake liƙa wa fannin a irin wancan taro, wato “sustainable” a Turance, wadda muka saba fassarawa da “mai ɗorewa” tun bayan muradun ci gaban da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. A nan akwai buƙatar hattara, domin ɗorewar waɗannan ƙwayoyi a cikin ruwa, ƙasa ko jikin mutum tana daga cikin abubuwan da masanan ke fargaba. Ƙwayoyin azurfa da ake sa wa bandeji da safa don kashe ƙwayoyin cuta suna fita a wanki su bi magudana, inda za su iya cutar da halittun ruwa. A 2022 Tarayyar Turai ta haramta sa sinadarin E171 (mai sa abu ya yi fari) a abinci, wanda wani kasonsa ƙwayoyin nano ne, saboda ba a iya kawar da shakkar cewa yana taɓa ƙwayoyin gado ba. Idan mai karanta labarai ya ce “fasahar nano mai ɗorewa” ya wuce, ana iya fahimtar cewa kayan ne ba sa lalacewa, alhali abin da ake nufi shi ne a duba lafiyar ma'aikacin da ke ƙera su, da mai amfani da su, da inda za su ƙare bayan an zubar. Don haka nake ganin a farkon kowane labari a faɗi “fasahar nano mai kiyaye lafiya da muhalli”, sannan a taƙaita da “mai ɗorewa” a jimlolin da ke biye.